Kafin ka sayi kayan koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida rubuta labari

Yaron da ya kai aji huɗu ya iya labari da baki. Da an miƙa masa biro sai abin ya koma haka: "Sai muka tashi, sai muka tafi, sai muka ga kare, sai muka dawo." An gama a layi biyu, ba a san wa ya tsorata ba, ba a san me karen ya yi ba. Duk abin da malami ko mahaifi zai saya, da wannan matsalar ya kamata ya auna shi.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne littafin aiki mai gurabe, inda aka raba shafi gida-gida: wa labarin ya shafa, ina abin ya faru, mece ce matsalar, yaya aka ƙare. Yana taimakon yaron da kan zauna ya ƙura wa farar takarda ido, yana kuma rage wa malami mai cikakken aji wahalar dubawa. Amma buɗe tsakiyarsa ka ƙirga layukan da aka bar wa yaro ya rubuta nasa. Da yawansu nahawu ne ya cinye rabin littafin: ja layi ƙarƙashin suna, zagaye aikatau. Rahoton da Steve Graham da Dolores Perin suka fitar a Amurka a 2007, wanda ya tattara bincike kan ɗalibai daga aji huɗu zuwa ƙarshen sakandare, ya nuna koyar da nahawu shi kaɗai ba ya gyara rubutu. Abin da ya fi tasiri shi ne koya wa yaro yadda zai tsara, ya rubuta, ya dawo ya gyara. Atisayen haɗa jimloli ma ya yi amfani. Saboda haka in ka ga littafin da ke sa yaro ya mayar da "Kare ya yi haushi. Na gudu." zuwa "Da karen ya yi haushi, ban tsaya ɗaukar jakata ba na ruga," wannan ya cancanci kuɗinsa.

Akwai kuma kayan wasa irin su Rory's Story Cubes, 'yan ƙwayoyi tara masu hoto 54 da ake jefawa a haɗa labari. Yara na sonsu ƙwarai, sai dai sukan ƙara tsawon jerin "sai" ɗin nan ne, don hotunan ba su da alaƙa da juna. Littafin hotuna marar rubutu ya fi su nesa ba kusa ba. Tsarin labarin yana nan a zane, aikin yaro ya sa wa mutanen magana a baki, ya faɗi abin da ke ransu.

Ni a ganina, tarin gajerun labarai masu kyau ne ya kamata a fara saya. A nemi waɗanda ba su wuce shafi biyu ba, masu tattaunawa a ciki, a harshen da yaran za su yi rubutu da shi. Hanyar Talk for Writing ta Pie Corbett a Ingila a kan wannan ta ginu: yara su haddace labari da baki suna bin taswirarsa da aka zana a allo, sannan su sauya mutane da wuri, daga ƙarshe su ƙirƙiro nasu. Kayan ba su da yawa, amma fa tana cin lokacin malami, kuma dole ya riƙa rubutu a gabansu yana gogewa yana sakewa.

Manyan tsare-tsare na shekara guda, kamar Units of Study na Lucy Calkins, an yi su ne don Turanci, kuma suna buƙatar horo da lokacin rubutu kusan kullum. Makarantar da ba ta da waɗannan za ta ajiye su ƙura ta rufe. Dabara ɗaya daga cikinsu kuwa kyauta ce: kada yaro ya ba da labarin hutu gaba ɗaya, ya ɗauki minti biyar ɗin da ya yi tsaye gaban karen ya faɗaɗa su.

Manhajar kwamfuta tana sauƙaƙa gyara, tunda ana matsar da sakin layi ba tare da sake kwafa ba. Wadda ke ƙarasa wa yaro jimla ko ta rubuta masa labarin, a bar ta.

In kuɗin bai wuce na abu biyu ba, a haɗa tarin labaran da littafin rubutu mai ɗinki ga kowane yaro, ba falle-fallen takarda da kan ɓace ba. Ya riƙa rubutu a shafin dama yana tsallake layi, na hagu a bar shi don gyara da tambayoyin malami.