Kukan kuɗi daban, kukan surutu daban: wace waya ce take yarda ka raba su?

Yayata atamfa da leshi take sayarwa daga gida, kuma kusan duk cinikinta ta WhatsApp yake. Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar tana tuƙa tuwo, wayar tana ajiye a kan tabarma. Wayar ta yi ƙara, ta goge hannu da gefen zani ta je ta duba. Guruf ɗin ƙawayenta na sakandare ne, ana ta gaisuwar Juma'a. Ta koma kan tukunya. Ba a daɗe ba ta sake ƙara, ta sake zuwa, kamfanin layi ne yake tallan data. A karo na uku ta ce a bar ta ta yi ta kuka. Ashe na ukun wata ce daga Damagaram take tambayar ko akwai sauran turmi shida iri ɗaya na anko. Sai bayan la'asar ta ga saƙon, lokacin matar ta riga ta saya a wani wuri.

"Kai da ka san waya," in ji ta, "babu yadda za a yi kukan kuɗi ya bambanta da kukan surutu?"

"Akwai, Yaya. Sai dai ba kowace waya ce take yarda ba."

Wanda ya shiga Farm Centre ko Beirut Road a Kano neman waya, tambayoyinsa ba sa wuce uku: kyamara, batir, memori. Ban taɓa jin wanda ya tambayi mai shago yadda wayar take kuka ba, alhali kyamara sau nawa kake buɗe ta a wuni? Ƙarar saƙo kuwa daga asuba har ka kwanta tana kunnenka.

Mu fara raba abubuwa uku da ake haɗawa. Akwai ringin kira. Akwai waƙar da mai kiranka yake ji kafin ka ɗaga, wadda ta kamfanin layi ce, ana cire maka kuɗi a kanta, babu ruwan wayarka da ita. Sai ƙarar sanarwa, wato ɗan kukan da waya take yi idan tes ko alat ko saƙon WhatsApp ya shigo. Ringin kira kowace waya tana barin ka canza shi, har rakani-kashi. A kan ƙarar sanarwa ne wayoyi suka sha bamban.

Wayoyin Android

Tun fitowar Android 8 a 2017 aka wajabta wa manhajoji su rarraba sanarwarsu gida-gida. Shi ya sa idan ka danne alamar WhatsApp, ka shiga bayanin manhajar, ka buɗe sashen sanarwa, za ka ga saƙon mutum ɗaya yana da gidansa, saƙon guruf yana da nasa, kira yana da nasa, kuma kowanne za ka iya ba shi ƙararsa ko ka rufe masa baki. Wannan shi ne ginshiƙin komai. Sauran aikin kuma mai sauƙi ne: a cikin memorin waya akwai folda mai suna Notifications, duk fayil ɗin sauti da ka jefa ciki, MP3 ne ko OGG ko WAV, zai fito a jerin ƙararrakin da za ka zaɓa. Idan babu foldar ka ƙirƙire ta da wannan sunan daidai.

Tecno, Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, kuma su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu. A wannan fanni ba su da rowa. Suna barin ka ɗauko sauti daga cikin wayar, kuma da yake masu layi biyu ne, kowane layi za ka iya ba shi ringinsa. Ga mai layin kasuwa da layin gida, wannan kaɗai ya rage masa rabin wahala. Inda ake samun cikas shi ne a ƙanana masu araha, musamman masu RAM (memorin da manhajoji suke aiki a cikinsa) 2GB da suke aiki da Android Go, wato Android ɗin da aka rage wa nauyi don ƙananan wayoyi. Don tattalin batir da memori, wayar takan kashe manhajar da ba a buɗe take ba, sai saƙo ya makara, ko kuma ya taru ya shigo gaba ɗaya lokacin da ka kunna fuskar wayar. Ƙarar da ta fi kowace daɗi ba ta da amfani idan sai bayan rabin awa za ta zo. Ana gyara wannan ta hanyar cire WhatsApp da manhajar banki daga cikin waɗanda ake taƙaita wa batir, a kuma ba su izinin tashi da kansu, amma idan RAM ɗin ya yi kaɗan, gyaran ba ya kaiwa ko'ina.

Wani abin kuma, wayoyi masu sauƙin kuɗi sukan zo da manhajojin da ba kai ka sa ba, masu aiko labarai da talla dare da rana. Daga Android 13, wanda ya fito a 2022, sabuwar manhaja sai ta nemi izininka kafin ta fara aiko sanarwa. Saboda haka idan kana tsakanin waya biyu masu kusan farashi ɗaya, ɗaya Android 12 ɗaya 13 ko sama, ɗauki ta biyun.

Samsung ta fi burge ni ta wajen ƙarfin sauti, domin ta raba ma'aunin: na ringin kira daban, na sanarwa daban, na kiɗa da bidiyo daban. Za ka iya ƙure ringin kira ka kuma sassauta kukan saƙo. Amma tana da ƙulli biyu da suke sa mutane su ɗauka ba ta iyawa. Na farko, a wurin zaɓen ringin kira akwai alamar ƙari da za ka danna ka ɗauko waƙa, a wurin zaɓen ƙarar sanarwa kuwa babu ita. Dole sai ka bi ta My Files ka kwafi fayil ɗin zuwa foldar Notifications. Na biyu, daga One UI 6.1 na 2024 (One UI shi ne tsarin da Samsung ta ɗora a kan Android) an ɓoye gidajen sanarwar nan da na ambata. Sai ka shiga Settings, Notifications, Advanced settings, ka kunna inda aka rubuta Manage notification categories for each app, sannan su bayyana. Minti ɗaya ne aikin ga wanda ya sani. Wanda bai sani ba zai iya shekara yana cewa sabuwar wayarsa ta fi tsohuwar taurin kai.

Redmi da sauran wayoyin Xiaomi su ma suna yi, sai dai zaɓen sauti yakan bi da kai ta manhajar Themes, inda za ka ratsa tallace-tallacen ringin kafin ka ga wurin ɗauko naka. Su ma suna matse manhajoji don batir, don haka ka kunna wa waɗanda ka damu da su Autostart, wato izinin tashi da kansu.

iPhone

Nan ne mai kuɗi yake shan mamaki. iPhone tana barin ka canza ringin kira, ƙarar tes, ta imel da ta kalanda, har ka ba kowane mutum a cikin lambobinka ƙararsa. Amma manhajojin da ka sauko da su, ba ta ba ka damar ware wa kowacce sautin da ka ga dama. Abin da manhajar ta zo da shi, shi ke nan. WhatsApp na iPhone yana da jerin ƙararrakinsa, a ciki za ka zaɓa, ko ga kowa ko ga mutum ɗaya, amma ba za ka shigo da naka ba. A Android kuwa WhatsApp ɗin nan dai jerin wayar yake buɗe maka, har da abin da ka jefa a folda. Telegram ce ta fita zakka: tun 2022 tana karɓar sautinka a kowace irin waya, muddin bai wuce daƙiƙa 5 da nauyin 300KB ba.

Ko ƙarar gama-gari ta manhajoji, sai a iOS 17.2 (iOS shi ne tsarin da iPhone take aiki da shi), cikin Disamban 2023, aka ba da damar canza ta, bayan mutane sun yi ta ƙorafin cewa sabuwar ƙarar da iOS 17 ya kawo ba ta jiyuwa. Sa naka ringin ma da aiki ne ja: sai an mayar da fayil zuwa m4r, nau'in fayil ɗin ringin na iPhone, ta kwamfuta, ko a bi ta manhajar haɗa kiɗa ta GarageBand. iOS 26 na 2025 ne ya sauƙaƙa, yanzu fayil ɗin MP3 ko M4A da bai kai daƙiƙa 30 ba ana mayar da shi ringin kai tsaye daga manhajar Files.

Wannan ya shafi masu sayen ta hannu, wadda ake ce wa Landan-yus. iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, ba za su taɓa samun ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan ba. XR da XS sun samu na farko amma sun tsaya a iOS 18. Sai daga iPhone 11 zuwa sama ake samun iOS 26. Kada mai shago ya ce maka "za ta yi idan an sabunta". Duba lambar samfurin wayar.

Ba na raina iPhone duk da haka. Saƙonta ba ya yawan makara, kuma maɓallin gefenta na rufe sauti abu ne da nake wa masu ita hassada a kansa. Kana tsaye a sahu, liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara, ka tuna ba ka sa waya a sailan ba: mai iPhone zura hannu kawai zai yi a aljihu ya ture maɓalli. Yawancin masu Android sai sun fito da ita. Tana kuma barin ka ƙirƙiri irin girgizar da kake so ta hanyar ƙwanƙwasa fuskarta da yatsa, ka ba mahaifiyarka tata girgizar, ka gane ita ce ko da wayar tana sailan.

Sautin kansa

A ina za ka samo shi? Waɗanda suka zo da wayar sun fi kowanne zama lafiya, ba sa ɓacewa. Matsalarsu ita ce kowa irinsu gare shi, shi ya sa a motar haya waya ɗaya take kuka mutum biyar su laluba aljihu. Manhajojin ringin irin su Zedge suna da dubbai, ka biya da data da haƙurin kallon talla. Amma duk manhajar ringin da ta nemi izinin karanta tes ɗinka, goge ta nan take. Me ya haɗa ringin da saƙon da lambar sirrin banki take shigowa ta cikinsa? Hanya ta uku ita ce ka naɗi naka, kuma ita na fi so. Sai dai ka ajiye shi a memorin wayar kanta. Idan yana kan katin memori aka cire katin, ko yana cikin foldar WhatsApp manhajar share-share ta goge shi, wayar za ta koma ƙararta ta asali ba tare da ta gaya maka ba.

Ka zaɓi gajere, daƙiƙa ɗaya zuwa uku, ka kuma yanke shirun da yake farkonsa. Ka zaɓi siriri mai kaifi. Kunnen ɗan Adam ya fi kama sautin da yake tsakanin 2,000 zuwa 5,000 Hz (ma'aunin sirantar sauti), ƙaramar sifikar waya ma a nan ta fi ƙarfi. Amon babbar ganga yana da daɗi a ɗaki, amma a tsakiyar Kantin Kwari, ga janareto ga a-daidaita-sahu, nutsewa yake. Kukan ƙararrawa ko ƙwanƙwasar ƙarfe shi yake ratsa hayaniya. Tsofaffin wayoyin Nokia sun gane wannan tun tuni. Ƙarar tes ɗin nan tasu, gajeru uku, dogaye biyu, gajeru uku, haruffan SMS ne a tsarin Morse, tsohuwar hanyar aika haruffa da gajeru da dogayen sautuka, kuma ko daga ƙasan jaka ana jin ta.

Da yawa daga cikinmu ayar Alƙur'ani ko kiran salla suke sawa don neman albarka. Malamai da dama sun hana, cikinsu har da Muftin Masar na lokacin, Ali Juma'a, a fatawarsa ta 2010. Dalilin a fili yake: ana katse ayar a tsakiya da zarar an taɓa wayar, kuma tana iya tashi mutum yana banɗaki.

Ga masu POS da 'yan kasuwa, manhajar tes ta Google da ta Samsung duk suna barin ka ba zaren saƙon bankinka ƙararsa ta daban. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma ƙarar tana gaya maka tes ya shigo ne kawai, ba ta shaida cewa kuɗi sun shigo. Masu alat na bogi tes suke turowa. Buɗe manhajar banki ka ga ma'auni kafin ka miƙa kaya.

Idan za ka je saye, tafi da ɗan fayil ɗin sautinka a tsohuwar waya. Ta hannu ce, tura mata shi ta Bluetooth ko Xender a gaban mai shago, ka gwada ko za ta karɓa. Ƙure sautin ka saurara ko sifikar tana karkarwa, domin sifikar da ta sha ruwa ko ƙura a nan take tona kanta. Sannan ka kulle ta, ka jefa a aljihun da za ta riƙa zama, ka sa abokin tafiyarka ya turo saƙo. Sabuwa ce a kwali ba za a buɗe maka ba sai ka biya, to ka gwada irinta da aka ajiye don nuni, ko ta wani da yake riƙe da ita.

Ni dai da za a tambaye ni, mai sana'ar da take rataye a kan saƙo ya nemi Android 13 ko sama mai RAM aƙalla 4GB, Samsung ce ko Tecno ko Infinix, gwargwadon aljihunsa. Wanda damuwarsa waya ta yi shiru lokacin da ya ce ta yi shiru, kuma ba ya neman raba wa manhajoji goma murya goma, iPhone 11 zuwa sama za ta ishe shi.

Yayata Android ta ɗauka. Muka rufe bakin duk gurufan zumunci, muka bar wa abokan ciniki ƙararrawa, tes ɗin banki kuma ta ce lallai sai muryar autanta, ɗan shekara huɗu, yana cewa "Umma, kuɗi!" Sati biyu tana jin daɗinsa. Ranar da ta je ta'aziyya unguwarsu, ɗaki cike da mata ana tsakiyar addu'a, matar Damagaram ta turo kuɗin wani sabon anko. Da daddare ta kira ni.

"Gobe ka biyo ta gida ka cire min muryar yaron nan. Ka sa min ko ƙarar cokali ce."