Hackney Diamonds da Songs of a Lost World: abin da tsofaffin masoya suka ji a sauraron farko

Ɗan'uwa, ka ce ka ga tsofaffin masoyan Rolling Stones da na The Cure, ƙungiyoyin kiɗan rok na Birtaniya, kowa yana cewa gwaninsa ya dawo da ƙarfinsa, kana so ka san ko gaskiya ne ko ɗoki ne, da kuma wanda ya kamata ka fara saurara. Duka faifan biyu, Hackney Diamonds na Stones da Songs of a Lost World na Cure, sun cancanci yabo. Sai dai sauraron farko yana iya yaudarar mutum a kan kowannensu, kuma ta fuskoki mabambanta: na Stones yana kama ka nan take, daga baya kunne ya soma gajiya, na Cure kuwa da farko sai ka ji kamar yana ja maka rai, sai ka maimaita sannan ya buɗe.

Ka fara duba daɗewar da aka yi ana jira, domin daga nan ɗokin ya samo asali. Hackney Diamonds ya fito ranar 20 ga Oktoba 2023, shekara 18 bayan A Bigger Bang na 2005, wanda kafin nan shi ne faifansu na ƙarshe na sababbin waƙoƙi. Wanda suka fitar a 2016 tsofaffin waƙoƙin bulus, salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, na wasu mawaƙa ne suka sake rerawa. Mawaƙinsu Mick Jagger yana da shekara 80 a lokacin, masu jita Keith Richards 79, Ronnie Wood 76. Songs of a Lost World ya fito ranar 1 ga Nuwamba 2024, shekara 16 bayan 4:13 Dream na 2008, mawaƙin Cure Robert Smith yana da shekara 65. Wanda ya yi irin wannan jira, ko me aka ba shi a daren farko zai ji daɗinsa fiye da kima. Shi ya sa maganar "wannan ne mafi kyau tun Tattoo You na 1981" ta yi ta yawo a bakin masoyan Stones, na Cure kuma suka riƙa kiran sunan Disintegration na 1989. Duka faifan biyu sun hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma ga The Cure wannan ne karon farko tun Wish na 1992.

Tsawonsu kusan ɗaya ne, amma rabon lokacin ya sha bamban. Na Stones waƙa 12 ne cikin kimanin minti 48, yawancinsu minti uku zuwa huɗu, jita ta buɗe, baiti ya shigo, amshi ya biyo baya ba ɓata lokaci. Sun koyi darasi daga A Bigger Bang, mai waƙa 16 da ya haura awa guda, wanda masoya da yawa suka ce an cika shi da abin da bai kamata ba. Na Cure waƙa 8 ne kacal cikin kimanin minti 49. A "Alone", waƙar farko, sai an wuce minti uku ana kiɗa zalla kafin Smith ya buɗe baki. "Endsong" ta haura minti goma, kuma fiye da shida daga ciki share fage ne. Wanda ya saba tsallake waƙa bayan daƙiƙa talatin ba zai ma kai ga muryar ba, sai ya ce faifan ba shi da rai, alhali bai shiga cikinsa ba tukuna.

Inda tsofaffin masoyan Stones suka fi kasa kunne shi ne ganga. Mai gangarsu Charlie Watts ya rasu ranar 24 ga Agusta 2021, kuma shi ne ƙashin bayan sautin ƙungiyar tun 1963. Salonsa yana da alamomi biyu. Yakan ɗan jinkirta bugu kaɗan yana bin jitar Keith, maimakon jitar ta bi shi kamar yadda ake yi a yawancin ƙungiyoyi. Sannan a daidai lokacin da zai bugi ƙaramar gangar tsakiya, yakan ɗaga sandarsa daga faifayen ƙarfen da ke gefensa, sai bugun ya fito shi kaɗai, tas, da ɗan fili a kewayensa. Wannan ɗan rangaji ne ya sa waƙoƙinsu na da suke tafiya kamar za su wargaje amma ba sa wargajewa. Steve Jordan, wanda ya gaje shi, tsohon hannu ne, yana aiki da Keith tun shekarun 1980, amma bugunsa ya fi nauyi kuma ya fi tsayawa daram a kan lokaci. Za ka iya gwada bambancin a cikin faifan kansa: waƙa ta 7 da ta 8, "Mess It Up" da "Live by the Sword", gangar Watts ce da aka naɗa a 2019. Saurari "Angry" sannan ka tsallaka zuwa "Live by the Sword", inda Bill Wyman, da ya bar ƙungiyar a 1993, ya dawo ya riƙe jitar bes, wato jita mai kaurin sauti. A ganina wannan ce waƙar da ta fi kowace kama da tsohuwar ƙungiyar, ko da ba ita ce mafi kyawun rubutu ba.

Baƙi ma sun raba kan masoya. Paul McCartney ya kaɗa bes mai kaushi a "Bite My Head Off", Elton John ya buga fiyano a waƙa biyu, Lady Gaga da Stevie Wonder suna cikin "Sweet Sounds of Heaven" mai fiye da minti bakwai. Wasu sun ce taron ya yi yawa. Ni dai ban ga inda baƙo ya danne mai gida ba, kuma musayar murya tsakanin Jagger da Gaga a ƙarshen waƙar, bayan kiɗan ya lafa ya sake tashi, tana cikin wurare mafi daɗi a faifan. Darryl Jones kuwa, mai riƙe musu bes tun farkon shekarun 1990, ba ya cikin faifan, kuma masu bin ƙungiyar sun lura da hakan.

A ɓangaren Cure babu baƙo ko ɗaya da aka yi tallar sunansa. Smith ne ya rubuta duk waƙoƙin, ya shirya faifan tare da Paul Corkett, aka naɗa a situdiyon Rockfield da ke yankin Wales. Simon Gallup yana bes, Jason Cooper ganga, Roger O'Donnell madannai, Reeves Gabrels jita. Jigon faifan rashi ne da tsufa: iyayen Smith da yayansa sun rasu cikin shekarun da ake jiran faifan, kuma "I Can Never Say Goodbye" a kan yayan ya yi ta. Akwai wani abu da ya sauƙaƙa wa masoyan Cure sauraron farko: biyar daga cikin waƙoƙin takwas an riga an rera su a zagayen wasannin 2022 da 2023, don haka da yawa sun san su tun kafin faifan ya fito. Abin da suka yi hukunci a kai shi ne ko naɗin situdiyo ya kai na dandali. Muryar Smith kuma kusan ba ta sauya ba, abin da ya ba kowa mamaki.

Ƙorafin da faifan biyu suka yi tarayya a kai shi ne matse sauti. A wajen kammala faifai na zamani akan ɗaga wuraren da kiɗa ya yi ƙasa, a danne kololuwar inda ya yi sama, domin komai ya fito da ƙarfi ɗaya a waya da cikin mota. Amfaninsa shi ne waƙa ta cika kunne daga daƙiƙar farko. Illarsa kuma, ganga ta rasa duka, amshi ya shigo ba tare da ka ji an tashi sama ba, kunne ya gaji bayan minti ashirin. A Hackney Diamonds, wanda Andrew Watt ya shirya, matashi haifaffen 1990, abin ya fito a matsayin sheƙi: muryar Jagger a gaba sosai, an goge ta tas, jitocin Keith da Ronnie da aka san su da saƙa cikin juna sun zauna tsaf kowace a gurbinta. A Songs of a Lost World ya fito a matsayin cunkoso: a "Warsong" da "Drone:Nodrone" madannai da jita da bes suna taruwa wuri guda har a ƙaramar lasifika su zama kamar guguwar ƙura. Ga Stones matsewar tana taimaka wa sauraron farko ta cutar da na biyar. Ga Cure tana cutar da na farkon.

Ga yadda za ka gwada da kanka. Kada ka yi amfani da lasifikar waya, domin ba ta fitar da bes, kuma rabin faifan Cure a kan bes ɗin Gallup yake. Ka sa abin sauraro mai rufe kunne ko lasifika biyu. Idan a Spotify ko Apple Music kake, ka kunna saitin daidaita ƙarfin sauti kafin ka kwatanta da tsohon faifai, in ba haka ba sabon zai fi ƙara, kunne kuma yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Ka kashe saitin cakuɗa waƙoƙi, ka bi jerin yadda aka tsara. Ka saurari kowanne sau uku a ranaku daban-daban kafin ka yanke hukunci, ƙarfin sauti kada ya wuce matsakaici. A rana ta uku ka haɗa Hackney Diamonds da Some Girls na 1978, Songs of a Lost World kuma da Disintegration. Idan ka samu faifan garmaho, sau da yawa matsewar ba ta kai ta intanet tsanani, amma wannan ya danganta da yadda aka yanka shi.

Ka fara da na Stones, domin ba ya neman ka san tarihinsu kafin ka ji daɗinsa, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan rok a 2025. Kada ka tashi kafin waƙar ƙarshe, "Rolling Stone Blues" ta mawaƙin bulus Muddy Waters, wadda daga ita ƙungiyar ta samo sunanta: Jagger da Richards ne su biyu kawai, jita ɗaya da hamonika, ba sheƙi ba ado. Na Cure ka ajiye shi sai dare, lokacin da kake da minti hamsin da ba wanda zai katse ka. A nawa hukuncin shi ne faifan da ya fi ƙarfi a cikin biyun, kuma "Endsong" ba ta yin aikinta sai ka iso ta bayan waƙoƙi bakwai da suka gabace ta.