Resident Evil 4 na 2023 ya ci kuɗinsa, amma ba kowane tsohon gem ne ya kai farashin sabo ba

Sefa dubu 45 na biya kafin faifan Resident Evil 4 na PS4 ya iso hannuna a Garwa, har da ladan wanda ya taho mini da shi daga Duwala. Kuɗin nan ya haura 41,875 da aka yanke a 2023 a matsayin mafi ƙarancin albashin ƙananan ma'aikatan gwamnati a Kamaru. Don haka duk wanda ya tambaye ni ko ya dace a zuba irin wannan kuɗi a kan sabon ginin gem ɗin da muka sani tun 2005, tambayarsa tana kan hanya. Na buga shi har ƙarshe, kuma ban yi da-na-sani ba. Sai dai dalilin ba kyan hoto ba ne.

Labarin yana nan yadda yake. Leon, jami'in gwamnatin Amurka, ya shiga wani ƙauye a Sifaniya neman Ashley, 'yar shugaban Amurka da aka sace, ya tarar wata ƙwayar cuta mai suna Las Plagas ta juya wa mutanen garin hankali. Ƙauyen, tafkin, fadar, tsibirin, ɗan kasuwar nan mai buɗe rigarsa ya nuna maka makamai, duk suna nan. Abin da Capcom, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta sake shi ne yadda manet, abin sarrafa wasan, ke zama a hannunka. A tsohon, in za ka yi harbi dole ka tsaya cak, ƙafa ba ta motsi sai ka sauke bindiga. Yanzu kana saiti kana ja da baya, su ma mutanen ƙauyen an ƙara musu sauri da wayo, suna zagayowa ta bayanka, suna riƙe ka don wani ya sare ka. Faɗan farko na tsakiyar ƙauye, wanda ba ya ƙarewa sai ƙararrawar coci ta kaɗa, na san shi kamar tafin hannuna, amma sai da tafin ya jiƙe da gumi.

Wuƙar ce ta fi burge ni. Da can ta fasa akwati ce da ƙarasa wanda ya faɗi. Yanzu da ita kake kare sara, har zarton injin mutumin nan mai buhu a ka tana tarewa in ka danna a daidai lokacin. Amma tana dakushewa, tana karyewa, sai ka kai wa ɗan kasuwa ya gyara da kuɗi. Wannan abu ɗaya ya canja lissafin kowane faɗa: in kashe harsashi ne, ko in ci wuƙa? Ga kuma sanɗa, ka lallaɓa ta bayan mutum ka gama da shi ba tare da sauran sun farga ba. Wanda ya haddace tsohon dole ya sake koyo, kuma koyon akwai daɗi.

Akwai abin da 'yan Turai ba za su damu da shi ba, mu kuwa ya shafe mu. Yawancinmu a gidan gem muka san wannan wasa, a kan PS2 mai cif, muna biyan kuɗin rabin awa, ba mu da katin ajiya na kanmu. Ka kai tafki yau, gobe ka dawo wani ya goge maka, ka koma ƙauye. Mutane da yawa a unguwar Yelwa za su rantse maka sun buga Resident Evil 4, alhali ba su taɓa ganin tsibirin ba. Ga irinsu wannan ba maimaici ba ne, yanzu ne za su ga ƙarshen labarin. Kuma a wannan karon mutanen ciki suna magana da Faransanci, tsohon kuwa muryoyinsa na Turancin Ingilishi ne kawai. Da ya ga Luis, mutumin da ke taimaka wa Leon, ƙanena da ke zaune gefena ya ce, "Yaya, ashe Luis ba ɗan iska ba ne, yana da dalilinsa." An faɗaɗa rawar Luis sosai, Ashley ma ta zama mutum mai tunani, ba kaya da ake ja ba.

Sannan gem ɗin yana ajiye maka inda ka kai da kansa, ban da tafiretar cikin gem ɗin da aka saba ajiyewa a wurinta. Wanda ya san yadda wuta ke ɗaukewa a nan in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya a watan Maris da Afrilu ya san darajar wannan. A kan PS4 hoton bai kai na PS5 kaifi ba, jiran lodi ya fi tsawo, fankar injin kuma tana kuka da zafin rana. Ana buga shi lafiya dai.

Abu ɗaya ban so ba. Separate Ways, ƙarin labarin da ake bugawa da 'yar leƙen asiri Ada Wong, yana cikin faifan PS2 na 2005 kyauta. A sabon, sai a Satumban 2023 aka fito da shi, aka sa masa dala 10 daban. An yi masa aiki mai kyau, an ƙara masa tsawo, amma wanda ya biya kuɗin sabo ya cancanci duk abin da tsohon ya ƙunsa.

To, kada wani ya ɗauki yabon nan ya shafa wa duk tsohon gem da aka dawo da shi. Akwai wanda aka sake ginawa daga tushe, akwai wanda kwaskwarima kawai aka yi masa, kamar tsohon mashin da aka yi wa feshi aka kai kasuwa da kuɗin sabo, injin kuwa na jiya ne. GTA Trilogy na Nuwamban 2021 ya fito a dala 60, da fuskoki a karkace, da ruwan sama mai rufe ido, an kuma cire wasu waƙoƙin rediyon da mutane ke ƙauna. Har sai da Rockstar, kamfanin da ke da GTA, ta fito ta ba da haƙuri a bainar jama'a. An yi ta gyara daga baya, amma waɗanda suka saya ranar farko don ƙaunar GTA San Andreas na 2004 da jaruminsa CJ su ne suka sha.

The Last of Us Part I na 2022 kuwa ba a kushe aikinsa. Amma gem ne na 2013, an riga an gyara shi don PS4 a 2014, sai ga shi karo na uku a yuro 80 a Turai, ba tare da ɓangaren wasan intanet da ke cikin na farkon ba. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato sama da dubu 52. Labari ɗaya, faɗa kusan iri ɗaya. Mai na PS4 a gida bai rasa abin da ya kai wannan kuɗi ba.

Mai niyyar sayen Resident Evil 4 ya nemi faifai. PlayStation Store ba shi da reshen Kamaru, sai ka buɗe asusun Faransa, ka sayi kati a hannun 'yan tsakiya da ribarsu a kai, ka ƙone data wajen saukewa, kuma ba ka da abin sayarwa bayan ka gama. Faifai kuwa ka ba abokinka aro, ko ku haɗa kuɗi ku biyu, ko ka musanya shi da wani a kasuwa. Na hannu ya yi sauƙi yanzu. In kuma ta intanet ɗin za ka saya, duba Gold Edition da ya fito a Fabrairun 2024, shi ne ya haɗa da Separate Ways, ka jira lokacin rangwame.