Sharhi: Cokulan awo na ƙarfe wajen auna 'ya'yan flaks

Cokulan nan huɗu ne a zobe ɗaya: babba mai cin mililita 15, na shayi mai cin mililita 5, sai rabinsa da kwatansa. Na yi aiki da su wajen auna 'ya'yan flaks, wanda ake kira bizrul kattan a shagunan magungunan Musulunci, kuma sun biya kuɗinsu. Sai dai kafin su yi wa mai girki amfani, dole ta san cewa cokali yana auna cika ne, ba nauyi ba.

Babban cokali ɗaya na 'ya'yan da ba a niƙa ba yana kai giram 10. Wannan cokalin dai, idan gari aka zuba masa, giram 7 kawai yake ɗauka, saboda iska na shiga tsakanin garin ya tashi. A cokalin shayi kuwa, tsaba ta ɗan haura giram 3, gari kuma giram 2 da rabi. Ke nan idan tsarin girki ya ce giram 100, babban cokali 10 ne na tsaba, amma na gari sai kin kai 14. Giram 30 na gari cokali 4 ne da ɗan ƙari. Kofin awo guda na tsaba yana kai wajen giram 168.

A nan ake yawan yin ɓarna. Mace za ta ga an rubuta cokali 2 na gari, sai ta auna cokali 2 na tsaba ta zuba a bilenda. Abin da zai fito ya kusa cokali 3. Flaks kuwa yana shan ruwa yana yauƙi, don haka kwaɓin fanke ko kek zai yi kauri, cikinsa ya fito da danƙo. In an ba ki lissafi da giram, auna tsabar ki niƙa, nauyin ba ya canzawa. In da cokali aka ba ki, niƙa tukuna sannan ki auna.

Duk lissafin nan na cokali shafaffe ne. A ɗebo, a shafe bakin da bayan wuƙa, kada a danna garin da yatsa, kada kuma a bar shi ya yi tudu. Bakin waɗannan cokulan a miƙe yake, shi ya sa shafewar take fita daidai, abin da cokalin cin abinci na gida ba zai ba ki ba, tunda kowanne da zurfinsa. Mai bin girkin Ostireliya ta kula, babban cokalinsu mililita 20 ne.

Inda suka fi burge ni shi ne haɗin da ke maye gurbin ƙwai: gari babban cokali 1, ruwa cokali 3, a juya a bar shi minti 5 zuwa 10 har ya kama jikinsa. Idan ruwan ya yi yawa ba ya kamawa, kuma da ido ba a gane bambancin.

Suna da nasu aibun. Babban cokalin faffaɗa ne, ba ya shiga kwalba mai ƙaramin baki. Garin yana da maiƙo, yana maƙalewa a gindin cokalin, in ba a wanke da sabulu nan take ba sai ya bar wari irin na tsohon fenti. Haka ma garin kansa yake yi idan ya daɗe a waje, don haka a niƙa kaɗan kaɗan, a rufe a sa a firji. Wajen saye a duba waɗanda aka zana lambar a jikin ƙarfen, domin ta fenti wanki yana goge ta.

Mai yin kek na sayarwa, wadda take auna giram 200 ko fiye, gara ta nemi ƙaramin sikeli. Amma ga mai zuba cokali ɗaya ko biyu a kunu ko yogot, waɗannan sun wadatar.