Sauya boris a gaɓoɓin keken hawan dutse: me za ka saya, me za ka bari a kanti

Keken hawan dutse mai shakazoba a baya, ƙafar bayansa ba a manne take da sauran firam ba. Lilo take yi a kan gaɓoɓi, kuma kusan kowace gaɓa da boris a cikinta. Ƙira mai gaɓa ɗaya, irin wadda aka san kamfanin Orange da ita, boris biyu ne kacal a babbar gaɓarta. Ƙirar Horst mai sanduna huɗu kuwa tana iya cin takwas, goma, ko fiye. Ranar da suka mutu, saye biyu ne a gabanka: sabon boris, da kayan da za ka cire tsohon ka tura sabon. Mutane sun fi ɓata lokaci wajen zaɓen na farko, alhali na biyun ne ke iya kashe firam ɗin gaba ɗaya.

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar boris ɗin ne ya mutu. Cire tayar baya, kwance shakazoba, sannan ka ɗaga ƙafar baya ka sauke da hannu. Lafiyayya sumul take tafiya. In ka ji tana cijewa, ko tana gurzawa kamar da yashi a ciki, ko tana karkaɗawa hagu da dama, to aiki ya samu. Ba kowace ƙara ce daga nan ba: bushin ɗin idon shakazoba, boris ɗin cibiyar taya, ko noti guda da ya saki, duk suna iya ruɗar ka. Kwance gaɓar, sa yatsa a zoben ciki na kowane boris ka juya, shi zai gaya maka gaskiya.

Yanzu kuma tsaya ka ƙare wa ramukan da boris ke zama a ciki kallo, domin su ne za su zaɓa maka kayan aiki, ba girman akwatin da ke cikin talla ba. Akwai ramin da ya ɓulle, wanda za ka iya zura sanda ta baya ka turo boris ɗin waje. Akwai wanda boris biyu ke zaune baya da baya, da ɗan tudu ko bututu a tsakaninsu, yadda babu wurin da za ka dafa ta baya. Wannan ya yawaita a gaɓar da ke kusa da tayar baya. Wani kuma akwai zoben ƙarfe mai tsauri da ke tare bakinsa, wanda in ba ka cire shi ba, ko kwana za ka yi kana tura boris ba zai motsa ba, sai dai ramin ya yage. Duba kuma fuskar da ke kewaye da ramin. Shimfiɗaɗɗiya ce da kofin cirewa, wanda ke karɓar boris idan ya fito, zai zauna daram a kai, ko a karkace take?

Hanya mafi araha ita ce guduma da ƙarfen bugu. Tana fitar da boris, babu musu. Matsalarta ita ce bugun yana sauka ne a gefe ɗaya, sai boris ya fito a karkace yana kankare bangon ramin. Alminiyam ya fi ƙarfen boris taushi nesa ba kusa ba, saboda haka shi ne zai ji jiki. Ramin da ya buɗe ko da kaɗan ne, sabon boris ba zai kama ba, ƙara kuma ba za ta daina ba. Wanda hannunsa ya faɗa yana bi ne a kewaye da ƙananan bugu, nan kaɗan can kaɗan. A firam ɗin kabon kuwa, wato na zaren kabon da aka haɗa da gam, ni ba zan ba kowa shawarar wannan ba. Wajen sakawa ma ba a maganar guduma sam.

Sai haɗin gida: doguwar sanda mai zaren noti, M6 ko M8 gwargwadon ramin tsakiya, da noti biyu, da washa, da kan soket iri biyu. Ƙaramin soket yana tura boris, babban yana karɓarsa ta ɗaya gefen. A ramin da ya ɓulle mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, wannan yana aiki sosai, domin ƙarfin yana tafiya ne a hankali kuma a miƙe. Rauninsa biyu. Soket ba ya riƙe sandar a tsakiya, don haka boris na iya fara shiga a karkace ba ka lura ba. Na biyu, da wuya ka sami soket da bakinsa ya yi daidai da zoben waje. In ya ɗan ƙanƙanta sai ya danne robar rufi, in ya ɗan girma sai ya daki firam kafin boris ya kai ƙarshe.

Maganin wannan rauni shi ne abin da kake biya idan ka sayi kayan da aka sassaƙa musamman. Kowane kai yana da ɗan hanci da ke shiga ramin boris ya tsayar da shi a tsakiya, da kafaɗa da ke sauka a zoben waje. Kamfanonin Birtaniya irin RRP da BearingProTools suna sayar da su lamba lamba: ka sayi na girman da ke kekenka, ka bar sauran. Park Tool na Amurka yana da akwati guda, SBK-1, da aka haɗa don gaɓoɓin firam, haka ma Wheels Manufacturing da Enduro da Unior suna da nasu. Babban akwati na mai gyara ne da keke iri iri ke shigo masa. Kai mai keke ɗaya, firam ɗinka da wuya ya wuce girma biyu zuwa huɗu, sauran kawunan tsatsa kawai za su yi a aljihun tebur. Amma in kana yawan sauya keke, ko ku da yawa ne za ku haɗa kuɗi, lissafin ya juya.

Inda na fi so ka kashe kuɗi shi ne wajen abin cirewa daga ramin da ba shi da baya, wato wanda babu wurin turo boris ta bayansa. Wani ƙarfe ne mai tsagaggen baki da ake zurawa cikin zoben ciki, a ɗaure noti ya buɗe ya cafke shi. Daga nan hanya uku ce. Ko a buga shi ta ɗaya gefen da ƙarfen bugu, ko a ja shi da guduma mai zamiya irin SHX-1 na Park Tool, ko a murɗa noti ya jawo boris ɗin cikin kofi. Murɗawa ta fi duka sauƙi ga firam, sai dai tana bukatar shimfiɗaɗɗiyar fuskar nan da kofi zai dafa. In fuskar a karkace take, guduma mai zamiya ce mafita, amma sai an riƙe sandar firam ɗin gam, in ba haka ba ƙarfin bugun a banza yake tafiya. Wasu suna amfani da notin kankare mai buɗewa, irin na gini, a madadinsa. Yana iya kamawa, yana kuma iya zamewa ya karce maka ramin.

Ka sani tun yanzu, cirewa ta zoben ciki take bi, ƙarfin yana ratsa ƙwallayen da ke tsakanin zoben ciki da na waje, saboda haka boris ɗin da aka cire ya gama aiki. Kuma in ya ruɓe da tsatsa, zoben ciki na iya fizgowa ya bar na waje maƙale a ramin. A nan ne mai cafkewa da ya fi girma zai cece ka. Ɗumi ma yana taimakawa: alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ji zafi, don haka ruwan zafi ko na'urar busar da gashi sukan sassauta riƙon. Kada ka kusanci kabon da zafi mai ƙarfi, domin gam ɗin da ke riƙe shi yana yin laushi.

Shi kansa boris ɗin, fara da lambar da ke jikin robarsa. 6902 yana nufin milimita 15 a ciki, 28 a waje, 7 a kauri. 6802 shi ma 15 ne a ciki, amma 24 a waje, 5 a kauri. 6901 kuwa 12 da 24 da 6, 6900 kuma 10 da 22 da 6. Wasu kamfanoni suna rubuta 61902 da 61802, girman ɗaya ne. In lambar ta goge, auna da ma'aunin milimita, ko ka nemi zanen firam ɗin daga wanda ya ƙera shi. Yi hankali da 7902: girmansa ɗaya da 6902, amma ƙwallayensa a jirkice suke zaune, yana da gaba da baya, in ka juya shi zai tarwatse. Haka ma wanda zobensa na ciki ya ɗan zarce na waje; in ka musanya shi da na gama gari, gaɓar za ta cije da ka ɗaure noti.

Babban zaɓi yana tsakanin boris mai kejin raba ƙwallaye da wanda aka cire kejin aka cika shi da ƙwallaye, wanda Enduro ke kira MAX. Gaɓar firam ba ta zagayawa kamar taya. 'Yar gajeriyar tafiya take yi ta dawo, sau dubbai, ƙarƙashin nauyi mai yawa, ƙwallayen suna tausa wuri ɗaya suna kore giris daga ƙarƙashinsu har su bar gurbi. Yawan ƙwallaye yana raba wannan nauyi, kuma Enduro na cewa irin nasa yana ɗaukar kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari fiye da mai keji. Nan kuɗinka ya halatta. Lambar ABEC kuwa, 3 ce ko 5 ko 7, maganar daidaiton ƙira ce da ta fi amfani ga abin da ke juyawa da gudu; a gaɓa ba za ka ji bambanci ba. Ƙwallayen seramik ma haka, ɓarnar kuɗi ce a nan.

Abin da ke kashe boris ɗin gaɓa tun kafin nauyi shi ne ruwa da laka, don haka duba rufin. Rufin roba mai lambar LLU yana da leɓe biyu da ke manne da zoben ciki, ya fi mai lambar LLB tare datti, ɗan nauyin juyawar da yake ƙarawa kuma bai dame ka ba a wurin da ba a gudu. ZZ mai murfin ƙarfe ba ya tare ruwa, ka bar shi. Yawancin boris daga ƙarfen 52100 ake yinsu, mai tauri amma mai saurin tsatsa. Mai hawa cikin ruwan sama da taɓo zai fi amfana da mai baƙin shafe na hana tsatsa, ko na ƙarfen 440C, duk da cewa wannan na biyun bai kai na farko ɗaukar nauyi ba. Kuma kafin ka biya, duba takardar garanti: kamfanin kekuna na Santa Cruz yana bai wa wanda ya sayi kekensa sabo boris ɗin gaɓa kyauta muddin keken na hannunsa.

Akwai ƙananan kaya da ake mantawa sai aiki ya kai tsakiya. Sifanar auna ƙarfin ɗauri tana gaba, domin notunan gaɓa galibi na alminiyam ne, kuma adadin da ake so sau da yawa a rubuce yake a kansu. Sai gam ɗin zare irin Loctite 243 in kamfanin firam ya ce a sa. In rami ya riga ya saki har boris yana shiga da yatsa, gam ɗin Loctite 641 yana cike gurbin kuma yana barin a iya cirewa nan gaba. Ramin da yake lafiya ɗan giris kawai yake so, ko abin da mai ƙirar ya rubuta. Ɗauki hoton kowace gaɓa kafin ka kwance, saboda ƙananan washa suna da gefen da suke kallo.

Da za a ce in zaɓa wa mai keke ɗaya na alminiyam, zan ce ya sayi kawunan turawa na girman da ke firam ɗinsa, da mai cafkewa na gaɓar da ba ta da baya, da boris mai cike da ƙwallaye mai rufin LLU. Wajen sakawa ya dafa zoben waje, ya murɗa a hankali, in ya ga ya fara karkacewa ya tsaya ya fitar ya sake. Mai firam ɗin kabon da bai taɓa yin aikin ba, kuma sau ɗaya a shekara zai bukace shi, gara ya kwance sandunan da kansa ya kai wa mai gyaran da ke da cikakken akwati. Ya tambaye shi da me zai cire su. In ya nuna masa guduma, ya kwashe kayansa ya nemi wani.