Jiratawa ko Kadawa: ina ya kamata a kai manoman koperatif?

Alhaji, ka ce an ba ku kuɗin ziyarar aiki guda ɗaya tak, kuna son kai manomanku su ga manyan gonakin kayan lambu, kuma shawara ta rabu tsakanin Jiratawa da ke nan kusa da Maraɗi da kuma Kadawa ta jihar Kano. Ni dai ruwan da kuke ban ƙasa da shi zan fara dubawa.

Jiratawa, a kan hanyar Madarunfa, fili ne na eka 500 da ɗoriya da aka tsara a farkon shekarun 1980, yana ƙarƙashin kulawar ONAHA, hukumar filayen noman ban ruwa ta Nijar. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake, rijiyoyin burtsatse ne da famfo mai aiki da kuran, a turo ruwa cikin kanal, a raba shi layi-layi. Ke nan kowane ɗigo da kuɗinsa. In an ɗauke wuta da rana tsaka, mai layin wannan ranar ya shiga uku, kuma ƙarshen zangon noma sai kowa ya biya kuɗin ruwa ko an samu ko ba a samu ba. Kadawa kuwa ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, shi ke gangarowa da kansa ta babban kanal zuwa Kura, Bunkure da Garun Malam, eka dubbai. Manominka da ke ƙirga litar esansi a motopom in ya ga wannan, sha'awa kawai zai yi, ba abin da zai kwasa ya kawo gida.

Wajen abin da ake shukawa ma sun bambanta. A Jiratawa mutum ɗaya a ɗan fegi zai haɗa tamakka (zogale), albasa, tattasai da masara. Ku je da sassafe ku ga mata ƴan sari suna cusa ganyen tamakka a buhu, tun da raɓa a jikinsa, ana cinikin a bakin gona. Ana yanka, bayan ƴan makonni ya sake tohowa, shi ya sa mai shi ba ya rasa na cefane. A Kadawa in rani ya yi tumatir ne iyakar ganinka, shinkafa da damina.

Amma fa kada a raina Kadawa, domin darasin kasuwa can yake. A Kwanar Gafan, kasuwar tumatir ta yankin, za ku ga kwanduna jere ana loda wa manyan motoci zuwa Ikko. Daga Janairu zuwa Maris kaya kan yi yawa har kwando ya faɗi warwas, sai a yanka a shanya a ƙasa a yi kauɗa. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana, a shekarar ta tsaya saboda tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, ba kayan da za ta niƙa. Duk mai mafarkin cika gona da abu ɗaya ya kamata ya ji wannan labari daga bakin masu shi.

Sai batun ɗawainiya. Jiratawa ku tafi da safe ku dawo la'asar, har ku biya cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna ku yi maganar iri. Kadawa sai an bi Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, ga takardun iyaka, ga canjin naira, ga wurin kwana.

Tunda ka ce rijiyoyi gare ku, ku kai jama'a Jiratawa tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma ku roƙi ma'ajin koperatif ɗinsu ya buɗe muku littafin kuɗin ruwa, ya fi yawon gona amfani. In kuɗi ya yi saura, a tura mutum biyu masu harkar saye da sayarwa su kwana biyu a Kwanar Gafan.