Shagon hatsin da nake sayen gero a Aboabo

Ni koko nake sayarwa da ƙosai a unguwar Asawasi da ke Kumasi a Gana, to kun san gero shi ne jarina, shekara huɗu kenan a shagon hatsin wani Alhaji a unguwar Aboabo nake auna. Bari in faɗi yadda yake tsakani da Allah, tunda mata suna ta tambayata.

Geronsa mai kyau ne gaskiya, ba tsakuwa sosai, kuma olonkarsa, wato gwangwanin awonsa, cikakkiya ce, ba irin wadda ake bubbuga gindinta ta lotsa ba. Yana karɓar momo, wato biyan kuɗi ta waya, in kin sayi buhu yaronsa zai ɗora miki a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, har ƙofar gida.

Inda muke samun matsala da Alhaji shi ne farashi. Lokacin da Nijar ta hana fitar da gero da dawa da wake a watan Oktoba 2024, in ba zuwa Mali da Burkina ba, cikin sati ɗaya ya ƙara kuɗi, na ce Alhaji wannan buhunan ai tun kafin dokar suke jibge a nan, ya ce Hajiya in na sayar miki a tsohon kuɗi da me zan sayo sabo? Ban ji daɗi ba amma maganarsa da hanya, Burkina ma ta daɗe da rufe nata hatsin, mu kanmu Gana mun hana fitar da masara da shinkafa da waken soya a Agusta 2024 saboda farin da aka yi a arewa, kowa dai rumbunsa yake tsarewa, mu masu tukunya ne a tsakiya.

Amma abin da ya ƙona min rai shinkafa ce. Indiya ta hana fitar da farar shinkafa a Yuli 2023, nan take ya ɗaga, to sun ɗage dokar tun Satumba 2024 amma shi shiru, sai da aka yi watanni ana ciniki kafin ya sassauta, wai dala ce. Haba Alhaji.

Har gobe gero a wurinsa zan saya. Shinkafa kam ku fara zagaya kasuwar Asawasi ku ji kuɗi tukuna, kuma ku je da safe, da yamma yaran ne kawai a shagon kuma ba sa ragi ko sisi.